Ina yi wa jama'a addu'a, amma ni da Allah ba ma magana

Wasiƙar wannan makon daga wani tela ta fito, a nan cikin Kano. Ya roƙa a sakaya sunansa, na kuma rage mata tsawo.

"Baba, salama a gare ka. Ni tela ne, shagona yana Brigade. Shekarata 34, ina da mata da 'ya'ya biyu. A majami'armu ni ne mataimakin shugaban matasa, kuma in za a buɗe sujada da addu'a yawanci ni ake kira, har mutane suna cewa ina da baiwa. Abin da ba su sani ba, rabona da in durƙusa ni kaɗai a ɗaki yau wata goma sha ɗaya. Bara ƙanena ya kwanta ciwon ƙoda. Na yi azumin kwana bakwai, matasa sun kwana addu'a sau biyu, na sayar da keken surfanina muka biya kuɗin wankin ƙoda. Duk da haka ya rasu, yana ɗan shekara 26. Tun daga ranar, in na rufe ido zan yi addu'a sai bakina ya yi nauyi, in tashi. Wani ɗan'uwa ya ce mini da bangaskiyarmu ta kai da bai mutu ba. Maƙwabcina a shago Musulmi ne, da an kira salla zai ajiye almakashi ya ɗauki buta, ni kuwa sai in sunkuyar da kai a kan keke don kunya. Yanzu fasto ya ce in karɓi ajin masu shirin baftisma, yara tara, in koya musu addu'a da bin Yesu. Baba, ni munafuki ne? In ajiye muƙamin in koma bencin baya, ko in yi shiru in ci gaba har abin ya dawo da kansa?"

Ɗana, salamar Ubangiji ta kasance tare da kai. Kafin komai, ina yi maka gaisuwar ƙanenka. Allah ya ba ka haƙuri, ya ba mahaifiyarku haƙuri in tana raye.

Na karanta wasiƙarka sau uku. Ka tambaye ni zancen muƙami, amma ni abin da na gani dabam ne, kuma zan faɗa maka da sunansa tun da ba ka yi ƙarya a gabana ba: gaba kake yi da Allah.

Ka san yadda gaba take a gidajenmu. Mutum biyu suna tsakar gida ɗaya, suna shan ruwan randa ɗaya, in baƙo ya yi sallama duk su amsa da fara'a, har ɗaya ya miƙa wa ɗaya tabarma a shimfiɗa masa. Baƙo yana fita shiru ya dawo. Ba wanda ya bar gidan, ba wanda ya ce ya yanke zumunci, sai dai akwai magana ɗaya da ta tsaya a maƙogwaro, ita ce ta tare sauran maganganu duka. Haka kake. Ranar Lahadi baƙi suna nan, sai bakinka ya buɗe. Da ka shiga ɗaki ka rufe ƙofa, kai da shi kaɗai, sai maganar nan ta taso ta tokare ka. Ka ce bakinka yana nauyi. Dole ya yi nauyi, domin abin da kake so ka fara da shi, "Ubanmu wanda ke cikin sama", ba shi ne a saman zuciyarka ba. Abin da ke sama shi ne: na roƙe ka, na yi azumi, na sayar da kekena, ka ƙyale shi ya mutu. Kai kuma an rene ka a kan ba a faɗa wa Allah irin wannan.

To, ka buɗe Yohanna sura 11, ka karanta a hankali kamar ba ka taɓa jin labarin ba. 'Yan'uwan Li'azaru mata sun aika wa Yesu cewa wanda yake ƙauna ba shi da lafiya. Yesu ya ji saƙon, ya ƙara kwana biyu a inda yake. Kafin ya iso Betanya gawa ta kwana huɗu a kabari. Marta da ta ji yana tafe ta fita tarye. Maryamu fa? Aya ta 20 ta ce tana zaune a gida. Maryamun nan da Luka ya nuna mana zaune a wajen ƙafafun Yesu tana sauraro, wadda aka ce ta zaɓi rabo mai kyau, ita ce yau aka ce Malam yana hanya ba ta motsa ba. Littafi bai faɗi dalilinta ba, ni ma ba zan ɗora mata abin da ba a rubuta ba, amma duk wanda ya taɓa zaman makoki ya san irin wannan zaman. Sai da aka zo aka raɗa mata cewa Malam yana kiranta. Da ta je ta faɗi a gabansa, ba yabo ta fara da shi ba. Maganar da 'yar'uwarta Marta ta faɗa ita ta maimaita: Ubangiji, da kana nan da ɗan'uwana bai mutu ba. Wannan ai ƙorafi ne, kai tsaye, a gaban jama'a. Yesu bai tsawata mata ba, bai ce ta gyara harshenta ba. Ya tambayi inda aka sa shi, ya yi hawaye.

Na san abin da za ka ce: su Yesu ya tashe musu nasu daga matattu, ni nawa yana kwance a maƙabarta. Gaskiya ne, ba zan shafa maka mai a baki ba. Begen tashin matattu da muke furtawa yana nan, amma ba ya cike gurbin da ke kan tabarmar cin tuwo a daren yau. Abin da nake so ka ɗauka daga labarin shi ne inda matan nan suka kai maganarsu. Ba su tsaya faɗa wa masu zaman makoki ba, ba su kuma haɗiye ta ba. Gabansa suka kai ta. Kai wata goma sha ɗaya kana riƙe da taka.

Littafin Zabura yana da waƙoƙi 150, kuma da yawa daga ciki kuka ne da ƙorafi. Zabura 13 aya shida ce kacal, amma sau huɗu Dawuda ya ce "har yaushe". Zabura 88 ta fi ta zafi: daga farko har ƙarshe ba inda haske ya keto, mai waƙar ya rufe ta da cewa an raba shi da abokai da masoya, duhu ne ya rage masa. Ba a cire ta daga Littafi ba. Masu bi sun yi ta rera ta shekaru dubbai. Ni a ganina an bar ta ne saboda mutane irinka, don ranar da ba ka da kalmar kanka ka ara.

Yanzu zancen ɗan'uwan da ya ce bangaskiyarku ba ta kai ba. Ina fata da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma maganar ba daidai take ba, kuma ta yi maka ɓarna. Manzo Bulus sau uku ya roƙa a cire masa ƙayar da ke jikinsa, ba a cire ba, aka ce masa alherina ya ishe ka. Yana nan a 2 Korintiyawa 12. Yesu da kansa a Getsamani sau uku ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon wahala, amma ya sha shi. Wa zai ce bangaskiyarsu ce ta gaza? Akwai wata koyarwa da ta yaɗu a garin nan, a allunan talla da bidiyon da ake turawa a WhatsApp, wadda take mai da addu'a kamar ciniki a Kantin Kwari: ka kawo azumi kaza da baiko kaza, a auno maka yadi kaza. Wanda ya ɗauki wannan, ranar da aka hana shi sai ɗayan biyu, ko ya ce an cuce shi, ko ya ce kuɗinsa ne jabu. Ina jin kai duka biyun ke cinka, yau wannan gobe wancan. Hausawa sun riga sun ce zafin nema ba ya kawo samu. Azuminka bai lalace ba, kekenka bai tafi a banza ba. Ƙauna ce ka yi wa ƙanenka har iyakar abin da ke hannunka, ya kuma gani kafin ya tafi.

Kai munafuki ne? Tukuna. Munafukan da Yesu ya ambata a Matiyu 6 suna addu'a a majami'u da kan hanya don a gan su, kuma sun gamsu da hakan, shi ya sa ya ce sun riga sun karɓi ladansu. Munafuki ba ya zama ya rubuta wasiƙa irin taka. Amma ba zan ɓoye maka ba, hanyar da kake kai can ta nufa. Jimlar da ta fi ba ni tsoro a wasiƙarka ita ce "mutane suna cewa ina da baiwa". Baki yana sabawa. Wanda ya tashi a majami'a ya san inda ake ɗaga murya da inda ake sassautawa, ya san ayar da in ya jawo ta mata za su ce amin da ƙarfi. Yau kana jin kunya in ka sauko. In ka bar shi shekara biyu kunyar za ta tafi, iyawar kaɗai ta saura. Na ga dattawa masu furfura da haka ta same su, kuma ba abin da ya fi wuya kamar tashe su. Saboda haka shawararka ta biyu, ka yi shiru har abin ya dawo da kansa, ka jefar da ita. Gaba ba ta mutuwa don an daɗe.

Ta farkon ma ban goyi bayanta ba. In ka ajiye komai ka koma bencin baya ba tare da ka faɗi dalili ba, daga bencin baya sai bakin ƙofa, daga bakin ƙofa sai "yau aiki ya yi mini yawa a shago", musamman in ɗinkin Kirsimeti ya matso. Gudu ne wannan, an yafa masa rigar tawali'u.

Ga abin da nake so ka yi. A cikin makon nan ka je wurin fasto, a gidansa ko ofishinsa, ba a ƙofar majami'a bayan an tashi sujada ana ta gaishe-gaishe ba. In bakinka ya kasa, miƙa masa kwafin wasiƙar da ka aiko mini. Ka roƙe shi a ɗauke maka buɗe sujada da addu'a na wata uku, ba sai an yi shela ba. Batun aji kuma ka bar masa hukunci bayan ya ji gaskiya. In ya tambaye ni, cewa zan yi kada a ba ka yaran kai kaɗai, kada kuma a hana ka su. A haɗa ka da dattijo ɗaya ko wata uwa daga Zumuntar Mata, irin waɗanda suka binne nasu kuma har yau suna durƙusawa. Kowace ekklesiya tana da su, yawanci ba su ne masu yawan magana a taro ba. Matarka ma ka faɗa mata. Ina tabbatar maka ta riga ta sani. Wadda kuke kwana ɗaki ɗaya ta lura tun watan farko cewa gwiwarka ta daina taɓa ƙasa, jira take ka buɗe baki.

Me ya sa ban ce a hana ka yaran ba? Ka dubi kalmar da Littafinmu na Hausa ya yi amfani da ita tun fitowarsa cikakke a 1932: almajirai. Mu a Kano ba sai an fassara mana ita ba. Almajiri wanda ya bar gida ne ya je ya zauna gaban malami, yana ganin yadda yake kwana da yadda yake tashi. Markus 3:14 ya ce Yesu ya zaɓi sha biyun nan su kasance tare da shi, sa'an nan ya aike su; zama ya riga aike. A Luka 11 kuma, ba darasi ya shirya musu ba, ganinsa suka yi yana addu'a, da ya gama ɗayansu ya ce, Ubangiji, koya mana. Kai ma ka san wannan a sana'arka. Yaron da aka kawo maka koyon ɗinki, ranar farko ba ka miƙa masa shaddar mutane ya yanka. Guga yake yi, ya sa maɓalli, ya je sayen zare, yana kallon hannunka. Kuma babban abin da yake koya ba ranar da aiki ya tafi sumul yake koyonsa ba, sai ranar da ya ga maigida ya yi kuskuren awo, ya zauna ya farke ɗinkin da reza a hankali ya sake. Yaran nan tara za su girma, su ma za a yi musu rasuwa, su ma za su roƙa a hana su. In duk abin da suka gani a wurinka addu'a ce mai santsi, ranar da tasu ta tsaya za su zaci su kaɗai ne. Ba na cewa ka juye musu duk baƙin cikinka, yara ne. Amma in ɗaya ya tambaye ka ko Allah yana amsawa kullum, kada ka ba shi amsar da kai kanka ba ka yarda da ita ba.

Sai maƙwabcinka mai buta. Ka daina sunkuyar da kai, ka koyi abu a wurinsa. Kana tsammani kullum yana tashi ne don zuciyarsa ta motsa? Lokaci ne ya yi, ya tashi. Mu Kirista, musamman mu na majami'un bishara, mun faye jingina addu'a da yadda muke ji, in zuciya ta yi zafi mu kwana muna yi, in ta huce mu yi mako ba mu yi ba. Alhali tsayar da lokaci ba baƙo ba ne a wurinmu. Daniyel sau uku a rana yake durƙusawa. Zabura 55:17 ta ambaci maraice da safiya da tsakar rana. A Ayyukan Manzanni 3 Bitrus da Yohanna suna hanyar Haikali ne a lokacin addu'a, ƙarfe uku na yamma, suka gamu da wani gurgu. Wani tsohon littafin koyarwa na ekklesiyar farko da ake kira Didake ya umarci masu bi su yi Addu'ar Ubangiji, wato "Ubanmu wanda ke cikin sama", sau uku a rana. Kai kuwa Allah ya zaunar da kai a garin da ba ka buƙatar agogo. In an kira asuba, kafin yara su farka, zauna a bakin gado ka karanta Zabura 13 da murya, ko da raɗa ne. In maƙwabcinka ya fita azahar, ɗaga ƙafa daga keke ka yi Addu'ar Ubangiji, ba ta kai minti ɗaya ba. Da dare Zabura 88, ko ka faɗa masa maganar Marta da bakinka, ka sa sunan ƙanenka a ciki. Shi ke nan. Kada ka ƙara azumi, kada ka yi alkawarin awa ɗaya. Wanda ya tashi daga jinya da kunu ake fara masa.

Kada ka raina aron kalmomi. A 1535 Martin Luta, can Jamus, ya rubuta wa mai askinsa Peter 'yar takarda a kan yadda ake addu'a, domin mutumin ya tambaye shi. Ka ga, mai sana'ar hannu ne kamarka. Luta bai ɓoye masa ba cewa shi ma akwai lokacin da yake jin zuciyarsa ta yi sanyi ba ya marmarin addu'a, kuma abin da yake yi shi ne ya ɗauki ɗan littafin Zaburarsa ya shige ɗaki, ya riƙa faɗin Dokoki Goma da Shaidar Bangaskiya kamar yadda yara suke yi, har zuciya ta ɗumama. In mutumin da ya fassara wa Jamusawa Littafi Mai Tsarki bai ji kunyar komawa karatun yara ba, mataimakin shugaban matasa ma zai iya.

Wata rana za ka zauna ka kasa ko karatun. Zauna ɗin dai, minti biyar, kada ka tashi. Romawa 8:26 ta ce ba mu san yadda za mu yi addu'a kamar yadda ya kamata ba, amma Ruhu da kansa yana roƙo dominmu da nishe-nishen da ba su faɗuwa. Hannatu a Shilo leɓunanta kawai ke motsi, har Eli firist ya zaci buguwa ta yi. Ni kaina, shekarar da muka binne 'yarmu ta fari, na yi watanni abin da kawai nake iya cewa shi ne "ka gani dai". Wani tsoho a majami'armu, wanda ya yi zamanin shirin bisharar nan na Sabon Rai Don Kowa a shekarun 1960 lokacin da ake taruwa gida-gida ana addu'a, shi ya riƙa zuwa ƙofar gidana duk yammacin Laraba a kan kekensa. Bai taɓa yi mini wa'azi ba. Zai yi addu'a gajeriya, ni in ce amin, wani lokaci ma ban ce ba. Ban san ranar da abin ya sake ni ba, na dai farga wata safiya ina roƙa wa wani.

Abu ɗaya kuma, don ban san yadda jikinka yake ba. In barci ya ƙaurace maka, ko abinci ya fita ranka, ko aiki ya gagare ka, ko tunanin gara ka bi shi yana zuwa maka, to ka ga likita, ka kuma faɗa wa matarka ko fasto a ranar. Zuwa asibiti ba ragin bangaskiya ba ne. Annabi Iliya da ya kwanta a jeji yana roƙon mutuwa, abin da mala'ika ya fara kawo masa gurasa ce da tulun ruwa, ya bar shi ya sake barci.

Watan gobe shekara za ta cika. Kada ranar ta same ka a shago kana taka keke kamar ba komai. Rufe shagon, ka ɗauki matarka da yara ku je wurin mahaifiyarku ko wanda ya rage a gida, ku ci abinci tare, ku ambaci sunansa. In an ce ka yi addu'a, ka ce yau wani ya yi.

Ka sake rubuto mini bayan ka ga fasto, ina so in ji abin da ya yanke a kan ajin. Kuma a wasiƙar taka ka faɗa mini shekarun ƙanenka da ciwonsa da kuɗin da aka kashe, amma ba ka faɗa mini ko wane irin yaro ne ba. A ta gaba ka ba ni labarinsa.